Zuwa Ga 'Yata, Kan Maganar Takarar Kansila

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran, saƙonki ya iso mini tun ranar Laraba, amma na ƙi gaggawar amsawa domin maganar ba ta tsaye ba ce. Kin ce matan unguwarku, musamman waɗanda kuke adashi da karatun Islamiyya tare, sun matsa miki lamba ki fito takarar kansila a mazaɓarku. Maigidanki ya ce bai hana ba, Baffanki ya ce wannan ba al'adarmu ba ce kuma 'yar mutunci ba ta shiga siyasa, surukarki kuwa ta yi shiru, irin shirun da ya fi faɗa nauyi. Shi ne kike tambayata ko da gaske al'adar Hausawa ta hana mace sa baki a sha'anin gari.

Baffanki ƙanena ne, ni na goya shi, kuma na san ba ƙiyayya ce ta sa shi faɗin haka ba, tsoron abin da za a ce da ke ne. Sai dai maganar da ya kira al'ada tana da ranar haihuwa, kuma ba ta girme ni da yawa ba. Bari in bi miki ita daga tushe, ki auna da kanki.

Kowane yaro a ƙasar Hausa ya ji labarin Daura, cewa sarauniyoyi mata ne suka yi ta gadon juna har zuwa kan Daurama, wadda a zamaninta Bayajida ya zo ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Labarin baka ne, masana suna ta ja-in-ja a kansa, amma abin lura shi ne kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ba 'ya'yansu shi ba tare da sun ga abin kunya a cikinsa ba. Amina ta Zazzau kuwa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce ta yi yaƙe-yaƙe har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji. A Lugu ta ƙasar Nijar, Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa a 1899. To, ni ba na son dogara da waɗannan, domin duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ranar taron mata sai ya ambaci Amina, ya sha tafi, ya sauka ya ba maza duka kujerun. Ke kuma ba yaƙi za ki ba.

Abin da ya fi kusa da tambayarki shi ne sarautun mata da ake naɗawa a kowane zamani, ko da namiji ne a kan gadon sarauta. A Gobir akwai Inna, a Katsinar Maraɗi akwai Iya, a Daura akwai Magajiya, a Borno maƙwabtanmu akwai Magira da Gumsu. Waɗannan ba ado ba ne. Inna tana da gidanta da fadawanta, mata suna kai mata ƙara ta yi musu sulhu, kuma Sarki ba ya raina maganarta. Hikimar abin a fili take: rabin mutanen gari mata ne, akwai damuwar da mace ba za ta iya buɗe baki ta faɗa a gaban fada cike da maza ba, saboda haka aka yi musu ƙofarsu ta kansu wadda take kaiwa har kunnen Sarki. Ba zan ɓoye miki ba, sarautar Inna da ta Iya suna haɗe da shugabancin bori, kuma wannan ne ya sa bayan jihadi aka ture su a garuruwa da yawa. A Zariya sunan ya tsira amma ya koma kan maza, shi ya sa yau in kin ji an ce Iyan Zazzau, namiji ne da rawaninsa. Ki tambayi Baffanki ma'anar kalmar “iya”, ki ga ko zai ce miki uba take nufi.

Kada kuma ki ɗauka masu jihadi rufe ƙofar suka yi suka tafi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kwatanta yadda suke riƙe su da kayan aikin gida da ake mora har su fashe a jefar a juji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ce ta kafa tsarin da ake kira 'Yan Taru. Ina son ki tsaya ki dubi yadda ta tsara shi, domin a ganina babu wata ƙungiyar raya karkara ta yau da ta fi shi dabara. Ta san matar aure mai goyo ba za ta bar gida ta yi tafiyar kwanaki ba, sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jaji za ta jagoranci tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su tako da ƙafa har wurinta, su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tauhidi da salla da zaman aure da tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, su koma su shiga gida gida suna koya wa waɗanda ba su fita. Aikin jaji bai tsaya ga karatu ba, har da sulhunta masu faɗa, da duba marasa lafiya, da wankan gawar mata. Malfar nan kuwa alamar Innar Gobir ce a da. Asma'u ta ɗauko alamar da matan karkara suka sani suke girmamawa, ta raba ta da bori, ta ɗora ta a kan malama. Da ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin. In mutum ya ce miki fitar mace don gyaran al'umma baƙon abu ne da Turawa suka kawo, ki ce masa ya je Hubbare a Sakkwato ya tambayi wadda take kwance kusa da mahaifinta.

Hukuncin shari'a ba fagena ba ne, ki kai wa malaminku. Iyaka dai na san malamai sun yi magana mai tsawo kan hadisin mutanen da suka damƙa al'amarinsu ga mace, kuma sun saɓa kan ko ya taƙaita ga shugabancin ƙoli ne ko ya haɗa da abin da ke ƙasa da shi. Na san kuma shawarar Ummu Salama ce ta warware matsalar ranar Hudaibiyya, kuma mata sun yi mubaya'a da kansu kamar yadda ya zo a Suratul Mumtahana. Kansila wakili ne da ake aika ya faɗi buƙatar mutanen mazaɓarsa, ba limami ba ne, ba alƙali ba.

To, daga ina maganar Baffanki ta fito? Da Turawa suka zo, suka tsara mulkin En'e, maza kaɗai suka gani. Sarki da hakimi da dagaci da alƙali aka yanka wa albashi, sarautun mata kuwa aka bar su babu albashi babu hurumi, suka bushe a tsaye. Kulle, wanda Tarihin Kano ya danganta farkonsa da fadar Sarki Muhammadu Rumfa, a da abin gidan sarauta ne da na manyan malamai da attajirai, sai a ƙarnin da ya wuce ya bazu har gidan talaka. Kakarmu ta wajen uwa har ta tsufa tana da gayaunarta, tana kai auduga kasuwa da kanta, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta zubar da mutunci. A wannan tsakanin ne kalmar Magajiya, wadda take sunan sarauta ce mai daraja, ta zube a birane har ta koma sunan shugabar mata masu zaman kansu. Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ga kuma NPC, matan aure suna cikin gida, waɗanda suke da 'yancin zuwa taro su yi waƙa su yi guɗa galibi su ne na gidan Magajiya, kuma jam'iyyun duka sun nemi taimakonsu. Daga nan aka ɗaura wa siyasar mata wannan mummunan suna, ya zama sanda mafi sauƙi da za a doki duk macen da ta ɗaga murya, ko da kuwa ta fi mai dukan tsare kai.

Wadda ta fi kowa shan wannan sanda ita ce Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, ta tashi a Sabon Garin Zariya, ta shiga NEPU tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta je har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa kan zaluncin haraji har Alake, sarkin Abekuta, ya sauka daga gadonsa na ɗan lokaci a 1949. Gambo ta dawo tana shiga gidaje tana yi wa mata magana kan auren wuri da karatun 'ya'ya mata da 'yancin ƙuri'a. An ɗaure ta sau goma sha shida bisa ƙidayar da aka fi sani, an yi mata duka, an kore ta daga Kano. A zaɓen 1959, wanda ya kai ƙasar nan ga 'yancin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, mu na Arewa an ce mu jira, kuma jiran bai ƙare ba sai 1976. Ta rasu a 2001, ga babban asibiti can a Zariya da sunanta, jikokin waɗanda suka zage ta suna kai matansu haihuwa a ciki.

Ni ban jefa ƙuri'a ba sai a 1979, ina koyarwa a firamare, ina goyon yayanki na wajena. Da damina aka yi zaɓen, mako bayan mako, har aka kai ga na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Ba zan manta layin mata ba. Tun da hantsi ya zarce na maza, ya zagaye katangar makaranta, mata sun lulluɓa da mayafai, wasu rabonsu da ganin titi da rana tun ranar da aka kai su ɗaki. A gabana akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, jikanta ya yi ta nanata mata tun daga gida alamar da za ta dangwala wa yatsa, ko mabuɗi ko gida da masara, na dai manta wadda ya ce. Da muka matso sai ta juyo ta raɗa mini cewa ita fa ta riga ta yanke nata, yaron nan ba shi zai shiga akwatin da ita ba. Mazan da a jiya suke cewa fitar mace zaɓe abin kunya ne, su ne a ranar suke yawo da a-kori-kura suna kwasar mata zuwa rumfa, domin sun gane ƙuri'ar mace da ta namiji nauyinsu ɗaya a wurin ƙirga. Tun daga ranar ban sake jin wani ya ce al'ada ta hana mace jefa ƙuri'a ba. Abin da ya rage ana kira al'ada shi ne ta tsaya a jefa mata, kuma wannan bambanci ya kamata ki tambayi Baffanki dalilinsa cikin ladabi. Malam Aminu Kano dai mace ya ɗauka mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983, kafin ajali ya riske shi a watan Afrilun shekarar.

Game da aikin raya gari kuwa, mata ba su taɓa barinsa ba, suna ne kawai ba a ba su. Ungozoma ta san gidan da ake haihuwa ba abinci. Uwar adashi tana riƙe kuɗin mata talatin shekara da shekaru babu takarda babu ɗan sanda, kuma kwabo ba ya ciwon kai, abin da ma'ajin ƙaramar hukuma da yawa ba za su iya bugun ƙirji su faɗa ba. Jam'iyyar Matan Arewa tun 1963 take, su Hajiya Laila Dogonyaro suka yi mata hidima, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN kuma da aka kafa a Minna a 1985 ta gina makarantu da asibitoci a jihohi da dama. Ki tuna rigakafin shan inna. Bayan turjiyar da aka yi a 2003, ba jami'ai masu manyan motoci ne suka shawo kan iyaye ba su kaɗai, mata ne masu hijabi da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, waɗanda suke iya wuce zauren da aka rubuta wa “ba shiga”, su zauna a tabarma su sha ruwan gidan, su ɗiga wa nasu ɗan a gaban uwar gida kafin su ɗiga wa nata. Da haka aka kai ga ranar da aka tabbatar asalin nau'in ƙwayar cutar ya bar Nijeriya a Agustan 2020.

A unguwarmu an taɓa kawo mana rijiyar burtsatse. Maza suka zauna, suka zaɓi wuri a bakin titi, daidai inda samari suke majalisa, domin a nan ne mai wucewa zai ga allon da aka rubuta sunan wanda ya kawo aikin. Ba a tambayi mace ko ɗaya ba, alhali ba namijin da yake ɗaukar tulu. Iyaye suka hana 'yan matansu zuwa saboda tsokana, aka koma sayen ruwan 'yan garuwa, famfon ya lalace cikin shekara guda ba wanda ya kula. Mu ne muka ware zubi biyu na adashinmu, muka kira mai gyara, muka roƙi mai unguwa aka ja bututu zuwa lungun bayan makarantar allo, aka ba wata bazawara mabuɗi tana karɓar ɗan abin gyara. Yau shekara tara ke nan bai tsaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da akwai mace ɗaya a zaman farko da ba a yi asarar shekarar nan ba.

Duk da haka, 'yata, tsoron Baffanki da shirun surukarki ba banza ba ne, kuma zan cuce ki in na nuna miki hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Siyasar da ake yi yanzu ta kuɗi ce da dare. Ana yanke magana ƙarfe biyun dare a ɗakin otal ko a gidan wani uban gida, da safe a kira taro a ce an yi maslaha. Akwai 'yan jagaliya da makamai da ƙwaya. Akwai masu zagi a Facebook waɗanda ba za su taɓa aikinki ba, sai aurenki da surarki da iyayenki. Za a ce miki ke ba 'yar asalin mazaɓar ba ce tunda aure ya kawo ki, in kin koma garinmu kuma a ce ai kin zama ta can. Jam'iyya za ta yi miki tayin kujerar shugabar mata, wadda a mafi yawan wurare aikinta tara mata ne ranar gangami da rabon atamfa da sabulu da taliya, ba ta da ta cewa ranar rabon takara. Sakamakon ke nan kike gani a sama: cikin sanatoci 109 na majalisar da aka rantsar a 2023, mata ba su wuce huɗu ba, cikin 'yan majalisar wakilai 360 ba su kai ashirin ba, kuma har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba, duk da Aisha Jummai Alhassan ta girgiza Taraba a 2015, Aishatu Binani kuma ta girgiza Adamawa a 2023. A watan Maris na 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudurorin da za su ware wa mata kujeru. 'Yan'uwanmu na Nijar, masu harshe ɗaya da addini ɗaya da mu, tun shekarar 2000 suka yi dokar kaso, suka fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, suka ɗaga zuwa kashi 25 a 2019, kuma ban ji an ce Maraɗi ko Damagaram sun daina zama ƙasar Hausa ba. A Ruwanda mata sun wuce kashi 60 a majalisarta, ko da yake ni ina ganin yawan kujeru dabam, ƙarfin faɗa a ji dabam.

Abin da al'ada take nema a wurinki da gaske, wanda kuma nake goyon bayansa, shi ne kada ki tsallake manya kuma kada ki zo wa mutane daga sama. Asma'u ba ta naɗa jaji don kyan fuska ba, sai wadda ƙauyensu suka riga suka yarda da ita. Tunda matan unguwa ne suka neme ki, ba ke kika neme su ba, kin sami rabin abin. Saura ki tabbata cewa “ban hana ba” ɗin maigidanki yarda ce ta zuciya, domin ranar da zagi ya iso majalisarsu shi zai fara ji kafin ke, kuma in a ranar ya janye, kin faɗi biyu. Ki zauna da shi ku yi maganar tarukan dare tun yanzu, ku tsayar da ƙa'ida: ba ki zuwa sai da muharrami ko da dattijuwa biyu, kuma ki nemi a riƙa yin taron mazaɓa tsakanin azahar da la'asar, ki ga ko ba za a sami mazan da su ma sun gaji da yawon dare ba. Kada ki sayar da filin da mahaifinki ya bar miki don sayen fom ko don rabon kuɗi, kada kuma ki taɓa kuɗin adashin da ke hannunki ko da aro ne, gara ma ki miƙa riƙonsa ga wata kafin a buga gangar siyasa. Duk uban gidan da ya ce zai ɗauki nauyinki, ki tambaye shi a gaban shaidu abin da yake so a biya shi da shi. Ki kuma sani zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, kuma sau da yawa jam'iyyar da ke mulkin jihar ce take kwashe kujerun, saboda haka ki shiga da sanin cewa ana iya kayar da ke ba don mutane sun ƙi ki ba.

Surukarki kuwa kada ki aika mata, ki je da kanki da goro da turare bayan sallar isha'i, ki zauna a ƙasa, ki ce shawara kika zo nema, ba sanarwa kika kawo ba. Ki tambaye ta matsalolin unguwar a zamaninsu da yadda suka yi da su, za ki sha mamakin abin da ta sani game da kowane gida. In ta sa miki albarka, ita ce za ta zama jajinki, kuma ba mai iya zaginki a gidan suna ko gidan biki tana zaune.

Baffanki ki bar mini shi. Zan je wurinsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan kuma tuna masa wadda ta sayar da tumakinta biyu ta biya masa kuɗin jarrabawa lokacin da mahaifinmu ya ce karatun ya isa haka. Kafin nan ki ɗauki littafi ki zagaya mazaɓar da ƙafarki, ki rubuto mini yawan famfunan da suka mutu, da azuzuwan da ba rufi, da nisan da mai naƙuda take yi kafin ta sami asibitin da ke da ma'aikaciya da dare. Ki zo mini da shi in kin tashi zuwa, ki haɗo da yaran, na kwana biyu ban gan su ba.

Ki gaishe da maigidan naki da surukarki. Allah Ya yi miki albarka, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Gwaggonki.